Fangali na Uku

Tun motar ba ta kai gonar ba Kulu ta hango ƙyallin ruwa a inda bai kamata a ga ruwa ba.

"Rufus, tsaya! Tsaya nan!"

Direban ya taka burki a gefen kanal, tulun ƙarfen da ke ɗaure a bayan motar ya yi ƙara. Kulu ta sauko, ta saɓa 'yarta Hassana a baya, ta ɗaure zani tana tafiya. Ƙarfe takwas bai yi ba amma ranar bazara ta riga ta fara cizo. Gonakin shinkafar rani na Taloka sun miƙe kore shar har inda ido ya tsaya, duk suna shan ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. A tsakiyarsu akwai fangali biyar da ta kewaye da jan ƙyalle, ta kafa musu allo. Kwana goma sha huɗu ke nan ta hana su ruwa da gangan.

Yanzu na farko da na biyu sun cika fal. Ruwan ya karya bakin na uku yana shiga. A bakin hanyar ruwan wani tsoho ne tsaye da fartanya, wandonsa a naɗe har gwiwa, yana kallon aikinsa da fuskar mutumin da ya yi abin kirki tun da sassafe.

"Baba Maccido! Wa yab buɗe ruwan ga?"

"Ni nib buɗe, ɗiyata. An kwana lahiya?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta zubar da takalma ta faɗa cikin hanyar ruwan da goyonta, ta fara kwasar laka da hannu biyu tana cusawa a bakin fangalin. Ruwan ya tsinka ta yatsunta ya wuce. Ta ƙara wata, ta danne da gwiwa. Hassana ta farka ta tsala kuka.

"Rufus, hwartanya! Amso hwartanyar!"

Rufus ya karɓe ta daga hannun tsohon, ya yanko ƙasa mai ciyawa sau huɗu ya jefa. Ruwan ya tsaya, ya taru, ya juya ya bi hanyarsa zuwa gonakin ƙasa.

Kulu ta miƙe, laka har ƙirji. Ta kalli fangali biyun da suka sha, ganyensu da jiya ya nannaɗe kamar tsinken tsintsiya har ya fara buɗewa.

"Baba, ka kashe ni."

"Subhanallahi. Mi niy yi?"

"Ba ka ga allo ba? Ba ka ga jan ƙyalle ba? Ina Mode? Ban ce mishi ko ɗigo kak ya taɓa su ba?"

Mode ɗan tsohon ne, shi ta bar wa amanar gonar gwajin. Baba Maccido ya ce surukin Mode ya rasu a Wurno jiya da la'asar, sun tafi da iyalinsa. Allon kuwa ya gan shi, amma rubutun boko ne, shi kuma na allo kaɗai ya sani. Jan ƙyallen ya ɗauka na korar tsuntsaye ne.

"Yau ranar ruwanmu ta," in ji shi. "Tun da anka gina dam ɗin ga, ba a taɓa jin ruwa ya wuce ta ƙohwar maƙwabci, gonatai tana mutuwa, shi ba ya nan, ka bar ta ba. Ko gaba kuka yi sai ka ba ta. Nig ga ganye ya naɗe, ƙasa ta tsage har hannu na shiga. Nic ce wagga yarinya hidimar ɗiya ta riƙe ta."

Kulu ta fito daga hanyar ruwan. Ta ciro gorar roba daga jakar da ke rataye a kafaɗarta, ta juyo da Hassana gaba ta ba ta ruwa. Yarinyar tana da ciwon sikila, kuma likita ya ce ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarta. Duk rabin awa Kulu take ba ta, ko ta nema ko ba ta nema ba.

Shekara uku ke nan Kulu tana aiki a ɗakin gwaji na wata cibiyar binciken noma a Sakkwato, tana kuma karatun digiri na biyu a kan aikin. A cikin kowace ƙwayar ganye akwai zaren gado, a naɗe jikin wasu ƙananan furotin da ake kira histon, kamar yadda masaƙa ke naɗe zare a kwarkwaro. Idan shuka ta ji ƙishi sai ta yi wa histon ɗin alamomi. Su take son ta karanta, don a gane abin da ke sa wannan irin shinkafar jure fari. Amma da ruwa ya taɓa saiwa, cikin 'yan awoyi alamomin za su fara gogewa. Dole a yanki ganyen yana cikin ƙishinsa, a jefa shi cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi kafin a ƙirga goma, ya daskare yadda yake.

Bara ta kai har nan, sai haihuwa da jinya da wutar firiza da ta ɗauke kwana uku suka lalata komai. An ba ta damar ƙarshe. Injin da zai auna samfurin yana wani gari a kudu, an ba su ranar Litinin mai zuwa, in ta wuce sai baɗi. In babu sakamako, kwantiraginta zai ƙare a watan shida. Kuma da katin ma'aikaciya take kai Hassana asibitin masu sikila duk wata.

Ta goge hannu a zani ta kira shugabarta a waya.

"Dakta, an ba su ruwa."

Dakta Augustina ta gane nan take.

"Duka?"

"Biyu sun tafi. Na huɗu da na biyar suna nan. Na uku ruwa ya shiga bakinsa."

"Kulu, kin san ƙa'ida. Fangali uku daban-daban. Da biyu ba wanda zai karɓi lissafin, ni ma ba zan sa hannu ba."

"In sake hana su ruwa..."

"Kwana goma sha huɗu? Shinkafar za ta yi ciki kafin nan, ganyen ya canza. Kuma naitirojin nawa ya rage miki?"

Kulu ta kalli tulun. Daga nesa aka kawo shi, ya yi kwana biyu a hanya, kuma ruwan cikinsa kullum tururi yake yana guduwa ko an rufe. Da asuba da ta tsoma sanda, bai kai rabi ba.

"Na yau ne kawai."

"To saurara. Fangalin na uku, akwai inda ruwan bai kai ba?"

"Kusurwar gabas ta ɗan yi tudu."

"Soka ma'aunin danshi a gindin duk shukar da za ki yanka. In bai wuce goma sha biyu ba, na karɓa. In ya wuce, ki bar ta. Ki rubuta mini lambar da kika gani, ba wadda kike so ba. Yi sauri, ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa."

Rufus ya riga ya kwance tulun. Mutumin Zuru ne, ya shekara ashirin yana tuƙa masu bincike, ya ga iri-iri. Ya matso ya rage murya.

"Maman Hassana, ki yanki na biyun nan mana. Ganye ganye ne. Awa biyu kawai suka sha. Wa zai sani?"

"Injin zai sani."

"Injin yana da baki ne?"

"Yana da. Kuma in ya yi magana, ba ni kaɗai za a kora ba. Ɗauko tulun."

Ya ɗaga kafaɗa ya rungumi tulun. Sai Kulu ta tsaya cak.

Ba ta taɓa buɗe naitirojin da goyo ba. Ɗigo ɗaya in ya fantsama ya sami fatar yaro, ƙuna ce kamar ta wuta. Dabararta ita ce ta shimfiɗa wa Hassana tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, matar Mode ta zauna kusa, ita kuma tana hango su. Matar Mode tana Wurno. Rufus zai riƙe tulu ya buɗe ya rufe. A nan kuwa ko'ina ruwa ne, kuma yarinyar ta fara tafiya.

Saura mutum ɗaya.

Tun watanni biyar da suka wuce Kulu ba ta miƙa 'yarta ga kowa ta juya baya ba. Ko ubanta Abdulƙadiri in ya zo daga Rabah ƙarshen mako, ya ɗauke ta zai fita ƙofar gida, sai ta bi su da gora. Ta kalli tsohon, tsaye yake inda aka ƙwace masa fartanya, hannuwansa a sake. Ta kalli fangali na uku. Layin duhun danshi ya ci kashi ɗaya cikin uku, yana bin tsagar ƙasa a hankali.

Ta kwance zanin.

"Baba, riƙe ta. Cikin inuwa, kak ka hito rana. Ga gora, ruwan ga kaɗai za ta sha, ban da na kanal. Ko ba ta biɗa ba ka ba ta. In kag ga tana riƙe hannu ko ƙahwa tana kuka, ko idonta ya canza, ka kira ni ko mi nika yi."

"Kawo ta."

"Kak ka aje ta ƙasa."

"Ɗiyata, na goyi jikoki goma sha ɗaya. Kawo ta."

Hassana ta ƙanƙame wuyan rigar uwarta. Kulu ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta juya kafin kukan ya kai inda za ta fasa.

Ta wanke hannu da ruwan jarka har sau biyu, ta sa safar hannu, ta ɗaure kallabi sosai. Gashi ɗaya ko ɓurɓushin fatar mutum in ya faɗa cikin samfurin, injin zai yi ta karanta Kulu maimakon shinkafa. Ta goge almakashi da sifirit. Suka zagaya ta kan kunya zuwa kusurwar gabas don kada su taka ruwan su watsa.

Ta soka ma'aunin a gindin shukar farko. Tara.

"Buɗe."

Farin tururi ya zubo daga bakin tulun ya kwanta a ƙasa. Ta yanki ganye na biyu daga sama, ta naɗe shi a takardar alminiyom, ta kama da awartaki. Rufus yana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida..."

Ruwan ya yi tsuwa kamar an jefa ƙosai a mai.

"Rufe."

Shuka shida take buƙata daga wannan fangalin. Ta biyu ta nuna goma. Ta uku goma. Gumi yana shiga mata ido, ba ta da hannun sharewa. Daga ƙarƙashin darbejiya kukan Hassana yana zuwa a tsittsinke, yana tashi yana faɗuwa. Kukan fushi ne ko na ciwo? Ta san bambancinsu, amma daga nan ba ta iya rabewa.

"Lafiyarta lau," in ji Rufus ba tare da an tambaye shi ba. "Gemunsa take ja."

Ta huɗu, goma sha ɗaya.

Ta soka a gindin ta biyar. Lambar ta yi tsalle, goma sha biyar. Ta zare, ta goge, ta sake sokawa. Goma sha shida. Saman ƙasar a bushe yake ƙamas, amma ruwan ya riga ya iso ta ƙasa.

"Ai kusan ɗaya ne," Rufus ya ce.

Ta tsallake ta. Ta gaba, goma sha huɗu. Ta tsallake. Ta koma can ƙurya, inda kunyoyi biyu suka haɗu, wasu tsirarun shuke guda uku da ta raina tun farko. Ta farkonsu, goma sha ɗaya. Ta yanka.

"...bakwai, takwas..."

"Rufe."

Saura ɗaya. Ta soka. Goma sha uku. Ita ma ta bar ta.

Sai kukan ya ɗauke gaba ɗaya.

Kulu ta juya. Daga inda take ba ta ganin komai sai bayan tsohon, ya sunkuya. Haka shirun ya kasance wancan karon, lokacin da ta dawo daga ɗakin gwaji da yamma ta tarar da maƙwabciyarta da ta bar wa raino zaune a tsakar gida ta sunkuya. Tun daga ranar ba ta sake barin 'ya a hannun kowa ba. Ta ɗaga ƙafa za ta hau kunya.

"Baba!"

Tsohon ya waiwayo, ya ɗaga gorar sama ya girgiza ta. Ƙaramin hannu ya miƙo yana neman kamo ta.

"Sha taka yi! Yi aikinki!"

Ta dawo. Shukar ƙarshe 'yar ƙanƙanuwa ce, ta jingina da kunya, ganyenta huɗu duk a naɗe. Ta soka ma'aunin, ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya motsa. Goma sha ɗaya. Lambar ta yi ƙyafce ta koma goma sha biyu, ta tsaya.

"Buɗe."

Rufus bai kai biyar ba ganyen ya shiga. Ta zauna a kan kunyar ta ciro littafi, ta rubuta lamba shida kamar yadda suka zo, har da ta ƙarshen, har da ukun da ta tsallake da dalili. Tana cikin rubutun ta ji sanyi a tafin ƙafa. Ruwa ne ya ɓullo daga tsagar da ke gindin shukar, ya kewaye yatsunta.

Na huɗu da na biyar ba su ba da wahala ba, haka fangali uku na gefe da ake ba ruwa kullum don kwatance. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ƙunshi talatin da shida suna cikin tulun. Ta tsoma sanda. Ruwan ya rufe su da kamar yatsa uku. Tafiyar awa biyu ce zuwa Sakkwato ta Wurno, in hanya ta yi kyau. Ta tura wa Dakta Augustina hoton shafin. Amsa ta zo gajera: Na karɓa. Ku taso.

Ta cire safar hannun ta nufi darbejiya. Baba Maccido ya jingina da bishiyar, Hassana tana barci a ƙirjinsa, ya rufe mata ƙafafu da gefen rigarsa. Gorar saura kaɗan. Kulu ta durƙusa ta taɓa goshinta, ta matsa yatsun hannunta, ta ɗaga fatar ido ta duba. Sannan ta zauna a ƙasa, a karon farko tun safe.

"Baba, ka gahwarce ni. Ban gaishe ka ba."

"Ni ad da laihi. To wai mi za ki yi da ganyen? Magani na?"

"Daka shi za ni yi."

"Daka? Tun daga Sakkwato kika zowa da mota don ki yi daka?"

Ta yi dariya. Ta gaya masa yadda za ta zuba ganyen a ƙaramin turmin tangaram da aka sanyaya, ta niƙa shi yana daskare har ya zama gari, in ya narke ko kaɗan an yi asara. Ta jiƙa, ta tace da ƙyalle, ta juya a inji har abin da take nema ya kwanta a ƙasa, ta zuba masa ruwan asid ya jawo shi. Kafin a yayyanka shi a ba injin awo, sai ta toshe wasu gaɓoɓinsa da wani sinadari, in ba haka ba zai daddatse ƙanana har a kasa karanta shi. Kwana huɗu za ta yi a kai.

"Kuma mi ka saura?"

Ta nuna masa bakin farcenta. "Ɗan hwarin abu. Bai kai ƙwarar gero ba."

Ya jinjina kai a hankali don kada ya tashi yarinyar. "Kamar aikin kunun zaƙi, amma ba a sha." Ya dubi fuskar da ke ƙirjinsa. "Hassana kic ce sunanta?"

"Awo."

"Ina Usainarta?"

Kulu ta kalli kanal. "Ta koma. Wata tara tay yi."

"Allah shi jiƙanta. Allah shi raya wagga."

"Amin."

Rufus ya yi hon sau ɗaya. Ya riga ya ɗaure tulun ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kulu ta miƙa hannu. Tsohon ya ba ta yarinyar, ya taimaka ya riƙe ta a bayanta har ta ɗaure zani. Ta ɗauki gora da littafi. Ta yi taku uku ya kira ta.

"Ɗiyata."

"Na'am, Baba."

Ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa, yana kallon fangali na huɗu da na biyar, ganyensu a naɗe cikin rana, ƙasarsu fari fat.

"Da azahar za a ruhe muna ruwa, sai wani mako. Kin gama da su? In sake musu?"

Kulu ta duba agogo. Ta duba motar. Sannan ta ajiye littafin a kan kunya, ta sauka cikin hanyar ruwan da goyonta, ta sa ƙafa ta ture lakar da ta cusa da safe. Ta tsaya har ta ga ruwan ya ratsa na uku ya shiga na huɗu, tsagar ƙasar tana shanye shi da ƙaramar ƙara.

Hassana ta motsa a bayanta. Kulu ta buɗe gorar, ta miƙa ta ta kan kafaɗa, ta ɗauki littafin, ta nufi mota.